Seftin Bahago: Kundin Aikin Wata Guda

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau na dawo daga filin harbi da ƙujewa a gaɓar manunina na hagu, karo na uku ke nan a wuri ɗaya, kuma na ƙudurta ba zan ƙara ɗage wannan aiki ba. Ni bahago ne. Tun ina yaro a Kano aka gyara mini hannu, na koyi ci da rubutu da dama, amma ido bai bi ba. Idona na hagu shi ne mai saiti, don haka a kafaɗar hagu nake dafa bindiga.

Bindigar tawa ƙirar AR-15 ce mai cin harsashi 5.56, irin wadda ja ɗaya na kunama ke fitar da harsashi ɗaya. Na saye ta shekara biyu da suka wuce a nan Texas, ta hannun dillali mai lasisi, bayan na cike fom 4473 an binciki tarihina. Eugene Stoner da abokan aikinsa a kamfanin ArmaLite ne suka zana asalinta a ƙarshen shekarun 1950, kuma da mai hannun dama a zuciya suka zana ta. Sefti, wato ɗan makullin da ke hana kunama motsi, a gefen hagu yake, daidai inda babban yatsan mai hannun dama ke kwanciya. Ni kuwa idan na riƙe, babban yatsana a gefen dama yake, inda babu komai sai ɗan da'irar ƙarfe. Kafin in buɗe ko in kulle sai na sassauta riƙo na ƙetaro da yatsa ta baya. Sannan idan makullin ya koma wajen FIRE, wato a buɗe, harshensa ƙasa yake kallo, ya tokari manunina a duk harbi.

Ƙujewar ba ita ce ta fi damuna ba. Yau na kama kaina sau biyu na sauke bindiga daga kafaɗa ban mayar da sefti ba, don kawai mayarwar tana da wahala. Mai kula da layin masu harbi bai gani ba, ni na gani. Abin da ya ba hannu wahala, a hankali hannu yake daina yinsa, kuma wannan ba al'adar da zan yarda ta zauna mini ba ce. Zan sa makulli mai harshe biyu, hagu da dama.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na yi odarsa ta intanet, dala arba'in da ɗoriya. A dokar Amurka, ɓangaren ƙasa na jikin AR-15, mai ɗauke da lambarta, shi ne bindiga. Ƙananan kaya irin wannan ta gidan waya ake aiko su kamar kowane noti. Wanda na zaɓa sanda ce guda ta tsakiya da harsuna biyu, dogo da gajere, kowanne ana ɗaure shi da ɗan notinsa a gefen da mutum yake so. Sandar tana da gurbi biyu: idan aka sa ta ta wannan fuska makullin zai juya digiri 90 kamar na asali, ta ɗaya fuskar kuma digiri 45.

Da yamma na yi waya da yayana a gida, na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai, ba dai so kake ka mayar da ita mai ruwan harsashi ba?"

Na ce, "A'a Yaya, ko kusa. Makulli ne kawai nake matsarwa inda yatsana zai kai."

Na fahimci tsoronsa. Duk wanda ke da 'yan uwa a Zamfara ko Katsina, in ya ji an ce bindiga da makullinta, abu ɗaya ne ke zuwa masa a rai. Na bayyana masa cewa wuri biyu kacal wannan makulli ke tsayawa, kulle da buɗe, kuma ba ya taɓa yadda bindiga ke harbi. Bindiga mai sarrafa kanta tana ƙarƙashin dokar tarayya tun 1934, a 1986 kuma aka rufe rajistar sababbi ga farar hula. Wanda ya ƙera ta a garejinsa yana fuskantar ɗaurin da ya kai shekara goma. Ni ko da doka ta yi shiru ba ni da buƙatarta, takarda nake harbi a yadi ɗari. Ya ce to Allah Ya tsare, ya kuma tuna mini cewa a Najeriya irin wannan bindiga ba ta ɗan ƙasa ba ce tun dokar makamai ta 1959. Na ce na sani, shi ya sa maganar nan a nan ta tsaya.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Kaya sun iso kafin in tafi masallaci. Sanda, harsuna biyu, noti biyu ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, da alanki siriri. Babu sifirin, babu ɗan tsinken da ke riƙe makulli. Mai sayarwa ya rubuta haka tun farko, na cikin bindigar zan mayar. Na sayo gam ɗin noti mai shuɗi a hanyar dawowa. Gobe in sha Allah.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na jira har uwargida ta fita da yara kasuwa. Farkon abin da na yi, na kwashe duk harsashin da ke gareji na kai ɗaki na kulle a akwatinsa. Na cire gidan harsashi, na ja hannun ɗanawa baya, na leƙa makwancin harsashi da tocila, na sa ɗan yatsa na taɓa. Na san babu komai a ciki, ni na ajiye ta haka, amma na duba, na sake dubawa. Sannan na tura fin biyun da suka haɗa sama da ƙasa, bindiga ta rabu biyu. Na ajiye ɓangaren sama can gefe, na zauna da na ƙasa a kan tebur.

Kafin in kwance komai na daɗe ina kallon cikinsa, domin ban taɓa natsuwa na ga yadda abin yake aiki ba. Kunama ba wannan ɗan lanƙwasan da yatsa ke ja ba ne kaɗai. Tana da hanci a gaba mai riƙe guduma, wato ƙarfen da dukansa ke tayar da harsashi, tana da wutsiya a baya. Idan ka ja, hancin ya yi ƙasa ya saki guduma, wutsiyar ta yi sama. Sandar sefti kuwa a saman wutsiyar ta gitta. Mulmulalliya ce, amma an feƙe gefe guda ya zama a miƙe. A kulle, mulmulallen gefen ne ke kan wutsiya, ba ta da wurin tashi. A buɗe, feƙaƙƙen gefen ya juyo, ta samu ɗan sarari. Shi ke nan. Duk amincin da nake dogara da shi tsawon shekara biyu, tazarar da ba ta kai kaurin ƙwandala ba ce.

Wannan ne ma ya fahimtar da ni abin da ya sa makullin ba ya komawa SAFE idan guduma ba a ɗane take ba: wutsiyar tana cikin gurbin, ta tare sandar. Don haka kafin a zare shi sai an danna guduma baya ta kama. Na danna ta da babban yatsa har na ji ƙas. Kuma tunda babu ɓangaren sama, ban yarda na ja kunama guduma ta faɗa haka kawai ba, don bangon alminiyam za ta doka.

Abin da ke ba makulli wannan ƙarar da tsayuwa daram shi ne ɗan tsinken ƙarfe mai tsini, wanda sifirin ke turowa daga ƙasa ya shiga gurbin sandar. Sifirin ɗin a cikin wani rami yake a jikin mariƙi, ta gefen dama. Wato dole a cire mariƙin. Na zura dogon alanki ta ƙasansa, na kwance notin, na ja mariƙin a hankali ina kallon sifirin. Sifirin ya biyo mariƙi lafiya. Tsinken ne ban lura da shi ba. Ina riƙe da ɓangaren a tsaye, ramin yana kallon ƙasa, sai na ji ƙis a kan tebur, ƙis a kan siminti, daga nan shiru.

Tsohon makullin ya zaro ta hagu ba gardama. Amma aiki ya tsaya. Na yi rarrafe da tocila na fi minti arba'in, na bi ƙarƙashin injin wanki da maganaɗisu, na samo ƙusoshi biyu da allura. Tsinke babu. Da na kifa ɓangaren kafin in ja mariƙin, ko na shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, da ba a yi haka ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na share garejin kaf, na tace sharar a kan farar takarda. Babu.

Akwai wata ƙusa siririya a gabana, kaurinta kusan daidai, kuma ina da zarto. Zuciyata ta ce in yanka in feƙe. A Ƙofar Ruwa na ga masu hannu sun fitar da abin da ya fi wannan wuya daga guntun ƙarfe, mota ta tashi ta kai Legas, kuma ina girmama wannan basira har gobe. Amma ƙarfen ƙusa mai taushi ne. Zai yi aiki yau, ya cinye a hankali, wata rana makulli ya zame daga kulle ba tare da na sani ba. Na mayar da ƙusar cikin gwangwani, na yi odar ƙaramin ƙunshin kayan gyara mai ɗauke da sifirin da tsinkaye iri-iri. Na zuba komai a leda mai zik, na kulle ɓangarorin biyu a sef, akwatin ƙarfen da nake ajiye bindiga.

'Yata ta ga ina sharar ta ce, "Abba, me ya ɓata?" Na ce wani ɗan ƙarfe ne kamar ƙwayar alkama, in ta gani kada ta ɗauka, ta kira ni.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ƙunshin ya zo. A ciki akwai tsinkaye masu kama da juna, kuma nan ma wurin kuskure ne. Na fin ɗin haɗa bindiga sirara ne, kansu a mulmule. Na sefti ya fi su kauri, gefe ɗaya tsini, ɗaya gefen kamar an yi masa hula. Na ware shi na sa a murfin kwalba.

Bayan isha'i na zauna. Tawul a shimfiɗe wannan karon. Na sake duba bindiga kamar ranar farko, na ɗana guduma, na ɗaura harshe ɗaya a jikin sandar na zura ta, ina tabbatar gurbin tsinke yana gefen dama. Na kifa ɓangaren, na jefa tsinken tsininsa gaba, na sa tsohon sifirin a ramin mariƙi, na tura mariƙin, na ɗaure noti. Na ɗaura ɗaya harshen ba tare da gam ba tukuna.

Ya juya. Amma ba yadda ya kamata ba. Babu wannan ƙas mai tsabta; yana tafiya luguf, kamar mabuɗin tsohon kwaɗo, kuma da ɗan taɓi kaɗan yana barin wurinsa. Na kulle na ja kunama, guduma ba ta faɗi ba. Wani zai ce ai ya yi. Ni ban yarda ba. Makullin da gogar riga za ta iya buɗewa ya fi rashin makulli haɗari, domin mai shi yana zaton a kulle take. Dare ya yi, idona ya gaji, na bar shi a sef na rataya masa takarda da rubutu babba: KADA A YI AMFANI.

Asabar, 19 ga Oktoba

Da safe, da hasken rana, na sake cire mariƙin, a kife. Laifin ya fito fili. Sifirin ya lanƙwashe a tsakiya kamar ƙafar fara. Lokacin da nake tura mariƙin, kansa bai shiga ramin tsinke ba, ya maƙale tsakanin roba da ƙarfe, ni kuma na ɗaure noti a kansa. Rabin ƙarfinsa ne kawai ke kaiwa ga tsinken.

Na ɗauko sabo daga ƙunshin. Wannan karon na tura mariƙin rabi na tsaya, na haska tocila ta tsagar, na daidaita kan sifirin da tsinken sakace har na ga ya zauna a bayan hular, sannan na ƙarasa turawa a miƙe ba tare da murɗawa ba. Notin mariƙi kuma da yatsu na fara juya alankin, zagaye uku, sai da na ji yana tafiya sumul kafin na sa ƙarfi. Notin ƙarfe ne, ramin alminiyam. In ya shiga a karkace ramin ne zai ci, kuma ramin yana jikin ɓangaren da ke da lamba, wanda ba a sayensa ta gidan waya.

Ƙas. Ƙas. Na juya shi ya fi sau talatin don jin daɗin ƙarar.

Tunda gam bai shiga ba, na ɗauki lokaci na gwada fuskar digiri 45. Gaskiya tana da daɗi: yatsa ba ya tafiya nesa, harshen hagu kuma ba ya saukowa kan manuni sosai. Na fi rabin awa ina kai-kawo a raina. Abin da ya raba gardamar shi ne rubutun jikin bindigar. An buga SAFE da FIRE ne a kan digiri 90. A 45, idan tana buɗe, alamar tana tsayawa tsakanin kalmomin biyu, ba nan ba can. Ni zan saba, amma ba ni kaɗai ke kallonta ba. Akwai mai kula da layi, akwai uwargida da ke zuwa fili wani lokaci. Ina son duk wanda ya kalla ya karanta abin da ke nan. Na sake kwancewa, na mayar 90, dogon harshe a dama wajen babban yatsa, gajere a hagu.

Sannan gwaji, bayan na haɗa sama da ƙasa, babu gidan harsashi, baki yana kallon bangon bulo. Na ɗana, na kulle, na ja kunama da ƙarfi: shiru. Na saki, na ɗauke yatsa gaba ɗaya, na buɗe makulli ina saurare ko guduma za ta faɗi da kanta: ba ta faɗi ba. Wannan matakin na biyu ne na fi ba muhimmanci, don akwai makullin da ke barin kunama ta ɗan motsa a kulle, guduma ta rataya a bakin hanci, ana buɗewa ta tafi. Na ja kunama a buɗe, guduma ta faɗi. Ban saki ba, na ja hannun ɗanawa na sake shi, sannan na sassauta yatsa a hankali har na ji ƙaramin ƙas na ƙugiyar da ke riƙe guduma bayan harbi tana miƙa ta ga kunama. Na sake ja, ta faɗi. Da guduma a kwance na gwada kullewa, ya ƙi, yadda ya kamata. Na maimaita duka sau goma, biyar da harshen dama, biyar da na hagu.

Sai a lokacin na kwance ƙananan notin ɗaya bayan ɗaya, na goge su da barasar goge ƙarfe, na ɗiga gam da kan tsinke, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, don kada ya malala cikin ramin sanda ya daskare ta. Gam ɗin yana son awa 24 kafin ya kama sosai. Na ja siririn layi da farin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin harshe. In noti ya motsa, layin zai karye.

Talata, 22 ga Oktoba

Na kai ta wurin maƙerin bindiga da ke kusa da filinmu, wani dattijo mai gilashi biyu a wuya. Na gaya masa duk abin da ya faru, har da sifirin da na lanƙwasa, na miƙa masa shi a leda. Ya raba bindigar, ya kulle, ya sa yatsa a kan guduma ya ja kunama yana kallon wutsiyar ta gilashin ƙara girma. Ya ce motsin da take yi a kulle kaɗan ne ƙwarai, hancin bai ko fara barin guduma ba. Ya yi irin gwajin da na yi, ya ƙara da wanda ban yi ba: ya ɗana, ya kulle, ya buga gindin bindigar a kan tabarmar roba sau uku, sannan ya duba ko makulli ya gusa ko guduma ta faɗi. Komai na nan.

Ya ƙara mini da abu guda, cewa sifirin nan iri ɗaya ne da wanda ke tura kwanson harsashi waje a cikin bol, wato ƙarfen da ke rufe bayan makwancin harsashi, don haka in na ajiye na ajiya guda, na ajiye na wuri biyu. Ya kuma ce duk ranar da na canza kunama, in sake wannan gwaji daga farko, domin tsayin wutsiya yana bambanta daga ƙira zuwa ƙira. Na biya ɗan abin da ya nema da farin ciki.

Asabar, 26 ga Oktoba

Fili. Harsashi sittin, a yadi hamsin. Ban damu da inda suke sauka ba yau. Abin da na zo yi shi ne ɗagawa, buɗewa, harbi ɗaya, kullewa, saukewa. Goman farko babban yatsana ya riƙa neman ƙetarawa ta baya kamar da, sai in tsaya in dawo da shi. Wajen na talatin ya fara samun harshen da kansa. Buɗewa da babban yatsa, kullewa kuma na ga gaɓar manuni tana ɗaga gajeren harshen na hagu a hanyarta ta fita daga kunama, motsi ɗaya. Ban tsara haka ba, hannun ne ya samo.

Gajeren harshen yana ɗan taɓa fata, amma taɓi ne, ba gurza ba. Kwanso kuma yana wucewa ta gaban fuskata lafiya, albarkacin ɗan tudun nan da ke bayan tagar fitar kwanso, wanda sojan Amurka ya ƙara a ƙirar M16A2 a farkon shekarun 1980 saboda irinmu. A cikin sittin ɗin, ban sauke ta a buɗe ko sau ɗaya ba. Na duba farin layi bayan ashirin, bayan arba'in, da a ƙarshe. Bai karye ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na wanke ta, na sake gwajin duka, na ɗiga mai kaɗan a gefen sandar. Layin fenti yana nan. Na rubuta a littafin sef cewa zan duba notin bayan kowane zuwa fili har harsashi ya kai 500, daga nan sai lokacin wanki.

Tsinken da ya ɓata ya fito. Uwargida ce ta gan shi a cikin tsagar simintin bakin ƙofar gareji, ta bar shi a wurin ta kira ni: "Baban yara, zo ka ga ko wannan ne." Shi ne. Na goge shi, na sa shi a leda ɗaya da tsohon makulli da sifirin na ajiya, na rubuta kwanan wata a jiki, na ajiye a saman kantar sef.